Darasi: Yadda Ƙaramar Ƙungiya Take Riƙe Yara a Makaranta

'Yan'uwa, a ƙauyukanmu na Gusau da Tsafe da Bungudu mun ga yara da yawa sun shiga aji ɗaya, amma kaɗan ne suka kai aji shida. Wasu talla ta ɗauke su, wasu aikin gona, wasu kuwa aure. Tsoro kuma ya ƙaru tun da aka sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe a 2021. Me za mu yi? Bari mu koya daga Zariya.

Wajen 2008 waɗansu masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello, tare da abokan aikinsu daga Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, suka zauna da iyaye a ƙauyukan kewayen Zariya. Iyaye suka ce ba ƙin ilimi suke yi ba. Yarinya takan yi shekaru a firamare, amma ko wasiƙa ba ta iya karantawa. Ga kuma kuɗin littattafai da kayan makaranta. To, ina amfanin wahala?

Daga nan aka kafa Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata, wadda Hajiya Habiba Mohammed ta jagoranta. Sun fara da 'yan mata kaɗan. Ga hanyar da suka bi:

1. Suka nemi yardar masu gari da malamai da iyaye tukuna.
2. Suka tara 'yan mata ƙungiya-ƙungiya a wani gida da kowa ya amince da shi.
3. Mace mai ilimi ta riƙa koya musu karatu da lissafi da zaman duniya.
4. Suka taimaka da kuɗin makaranta.

Da iyaye suka ga 'ya'yansu suna karatu da gaske, sai ƙauyuka na kusa suka roƙa a zo musu. Haka aikin ya yaɗu zuwa dubban 'yan mata. Daga baya Asusun Malala ya shiga tallafa masa.

Abin lura shi ne, sun fara da sauraro, suka kuma fara da kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi don tattaunawa:

1. Yara nawa ne suka bar makaranta a unguwarmu bana? Mu rubuta sunayensu, mu ziyarci iyayensu.
2. Wace mace ce a cikinmu za ta iya koyar da yara goma sau biyu a mako?
3. Idan kowane gida ya ba da tiya ɗaya ta gero da kaka, littattafan yara nawa za mu saya?