Yadda Ake Tsare Ruwan Tiga Tun Daga Bakin Gona

Dam ɗin Tiga, wanda gwamnatin Audu Bako ta gina a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, an tsara shi ne don ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2, kuma in ya cika ya mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita 178. Daga nan babbar hanyar ruwa ke tashi, ta ratsa Ruwan Kanya a ƙasar Rano, ta je ta shayar da shinkafa da alkama da tumatir a Bunkure, Kura, Kadawa da Garun Malam. Wanda aka saki cikin kogi kuma matatar Tamburawa na ɗiba ta tace wa mutanen birnin Kano. Duk da haka, ba a bakin dam ake tsare tsabtar wannan ruwa ba. Ruwa ba ya tsami banza: laka da takin zamani da maganin feshin da ke gurɓata tafki daga gonaki da kwazazzabai suke gangarowa, tun daga dajin Falgore har gonakin Rurum. Don haka maganin yana hannun waɗanda ke zaune a kan rafukan, kuma ba zai yi aiki ba sai sun yi shi tare.

Aikin yana farawa ne da bin sawun ruwa. Washegarin ruwan sama mai ƙarfi na farkon damina, a ɗauki rafi guda, a bi shi da ƙafa daga inda yake zuba har inda ya taso. Ba mutum ɗaya ke zuwa ba. Mai unguwa, sarkin noma, sarkin ruwa da arɗon makiyaya su ne ƙashin bayan tawagar, sannan a tambayi mata da yaran da ke ɗebo ruwa, domin su ne ke fara jin canjin wari da ɗanɗano tun kafin wani ma'aikaci ya zo da kwalbar gwaji. Inda ruwa ya koma ja, ƙasa ce ke tafiya. Inda gansakuka da kainuwa suka rufe shi, taki ne ya yi yawa. Inda aka tarar da matattun ƙananan kifaye, a nemi wurin da ake wanke injin feshi. A kafa turke a kowane wuri. Zaman da ke biyo baya a ƙofar dagaci kowa ya san yadda ake yinsa. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada a yanke hukunci a kan wanda ba ya wurin, musamman makiyayi.

Daga nan sai a fuskanci kwazazzabai. Ƙasar Rano ba ta rasa dutse ba, kuma shi ake jerawa a gicciye cikin kwazazzabon, shinge bayan shinge, kowanne bai wuce gwiwa ba. Ana farawa daga sama inda ruwa bai yi ƙarfi ba, a cusa gefunan shingen cikin gaɓa, a bar tsakiyarsa ƙasa-ƙasa don ruwa ya haura ta nan maimakon ya zagaye ya ci gefe. Wannan aikin gayya ne, kuma abin takaici ne yadda gayya ke ja da baya a ƙauyukanmu. A da, makaɗi da ƙwaryar fura sun isa su tara samarin gari guda. Yanzu sai an tambayi nawa za a biya. Garin da har yau yake iya kiran gayya ya riƙe ta da kyau, domin babu kwangilar da ke kula da shinge bayan an gama biya.

Inda gwaninta take bayyana, kuma inda aka fi yin asara, shi ne dasa layin jema tsakanin gona da rafi. Jema ba baƙuwa ba ce a fadamunmu. Iyaye sun yi zana da jinka da ita. Saiwarta na nutsawa ƙasa fiye da tsayin mutum, tana jure ambaliya da gobara, kuma ba ta yaɗo ta mamaye gona irin na kiri-kiri. Amma amfaninta duka ya rataya ne a kan abu guda: layin ya kwanta daidai, babu gefen da ya fi wani gangara. Ido ba ya iya wannan, ko na tsohon manomi ne. Tiyo mai haske irin na magina ake cika wa ruwa, mutum biyu su riƙe bakunansa a jikin sanduna masu alama iri ɗaya. Na gaba ya yi ta matsawa sama ko ƙasa har ruwan ya tsaya daidai a alamomin biyu, sai a kafa turke, a ci gaba. Layin da zai fito a karkace yake, yana lanƙwasa, kuma a nan ne mai gona kan ce a miƙe shi don garma ta ji daɗin wucewa. Kada a yarda. Layin da aka miƙe yana tara ruwa ya kai shi kusurwa ɗaya, ruwan ya fasa ta nan, a wayi gari an haƙa sabon kwazazzabo da hannun kai. Bayan an fitar da layi, a tsaga gindin jema gida-gida, kowane kaso da tsiro biyu ko uku, a datse ganyen ya rage taƙi guda, a dasa da tazarar faɗin tafin hannu, a take da diddige. Wanda ya buɗa tazara don iri ya isa, rariya ya dasa. Lokacinsa shi ne bayan damina ta zauna, ƙasa ta sha ruwa sosai. Dashen ƙarshen damina rani ke cinye shi. Bayan mako uku a zagaya a cike gurbin duk wanda ya mutu. In an yi daidai, cikin damina biyu layin zai haɗe ya zama katanga, ruwa ya riƙa tsayawa yana sauke lakarsa kafin ya tsiyaye, har ƙasa ta taru a bayansa ta yi tudu.

Sai dai layin jema ba ya rayuwa in an toshe wa shanu hanya. Dole a bar burtali a buɗe, a ware mashaya, a shimfiɗa mata dutse don kofato kada ya rusa gaɓa. Makiyayin da aka ba mashaya da yardarsa, shi da kansa zai kare dashen daga dabbobinsa a shekarar farko. Sauran ƙa'idojin gajeru ne: kada a wanke injin feshi ko a jefa kwalbar magani a rafi, kada a kama kifi da guba, kada tifa ta ɗebi yashi a jikin gaɓa, kuma a haƙa masai nesa da ruwa, domin ta fitsari da bahaya tsargiya da kwalara ke komawa cikin ruwan da yara ke wanka.

Wani zai ce wannan aikin gwamnati ne: akwai Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are tun 1976, ga kuma shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 don gyaran ƙasa a jihohin arewa. Gaskiya ne, kuma yashe hanyoyin ruwa da gwajin ruwa a ɗakin bincike da hukunta manyan masu laifi nauyinsu ne, a ci gaba da matsa musu. Amma babu hukumar da za ta ajiye ma'aikaci a bakin kowace gona da asuba lokacin da ake wanke injin feshi. Maƙwabci ne kawai ke nan. Ko a yankin Maraɗi, manoma ne da kansu suka dawo da itatuwa a gonakinsu tun daga shekarun 1980, ta hanyar barin tohon kututture ya girma.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na mai ƙaramar gona a bakin rafi, wanda za a ce ya bar kunya biyu ko uku mafi danshi don amfanin mutanen Kura da Kano. Wannan ba a rufe shi da wa'azi. A nuna masa cewa gaɓar da ba ta da saiwa ruwa na yankar ta kowace damina, kunyoyin nan dama tafiya suke. Sannan a ba shi haƙƙin yankan jemar shi kaɗai, a sa gonarsa a farkon jerin gayya, kuma ƙungiyoyin manoman rani da ke shan ruwan a ƙasa su taimaka da iri da kuɗin jigilar dutse. Mutumin Kibiya da rafinsa ba ya zuba a Tiga shi ma bai fita ba, domin lakar gonarsa tana cike kududdufin da dabbobinsa ke sha, ragowar kuma ta gangara wa wasu.

Dagatai da masu unguwannin Rano da Kibiya, ku zaɓi rafi ɗaya bana, ku tanadi irin jema da dutse tun da rani, ku kira arɗo da sarkin ruwa kafin ruwan farko ya sauka.