Mece Ce Lahira?

Ya ɗan'uwa, kullum kana jin kalman nan a bakin mutane. Akan ce, "Wane ya tafi lahira." Mai fushi kuma yakan ce, "Zan aika ka lahira." Amma ka taɓa tsayawa ka tambayi ma'anarta?

Lahira kalma ce da Hausa ta aro daga Larabci. Ma'anarta "ta ƙarshe," wato rayuwar da ke bin bayan wannan ta duniya. Saboda haka lahira ba kabari ba ce. Kabari rami ne, jiki kaɗai yake riƙewa. Lahira kuwa ta shafi mutumin kansa a gaban Allah.

Wannan bambanci yana da amfani gare mu. A shekara ta 2015 Boko Haram suka kai hari Diffa da Bosso, mutanen Assaga suka bar gonakinsu a bakin Komadugu, suka kafa bukkoki a gefen kwalta. Akwai gidajen da ba su ga gawar nasu ba. Har yau uwa takan tambaya, "Ɗana da ba a yi masa jana'iza ba, ina yake?"

Ki share hawaye, uwa. Ɓarawon da ya tuba a kan gicciye ba mu ji labarin jana'izarsa ba, duk da haka Yesu ya yi masa alkawarin Firdausi a ranan nan (Luka 23:43). Ru'ya ta Yohanna 20:13 ta nuna ko teku ma za ya ba da matattun da ke cikinsa. Ashe kogi ba ya iya ɓoye wa Allah kowa.

Kai manomi, ka san irin tattasai. Ka zuba shi a ƙasa, ya ɓace wa idonka, bayan kwanaki ya tsiro da sabon jiki. Da misalin iri Bulus ya bayyana tashin matattu (1 Korantiyawa 15:35-44).

To, yaya za ka yi da kalman nan? Kada ka mai da ita abin zagi ko abin tsorata yara. Kada kuma ka sayar da akuyarka domin boka ya kawo maka labarin mamaci. Shirin lahira tun da rai ake yinsa (Ibraniyawa 9:27).

Da dare ka tara iyalinka, ku karanta Yohanna 11:17-27. Sa'an nan ka tambayi kanka: in an kira ni yau, ga wa na dogara?