Ƙaramin Makewayi a Gida: Tsari Kafin Ado

A garuruwan kudancin jihar Kano, tun daga Ƙafin Maiyaki cikin ƙaramar hukumar Kiru har zuwa Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, an saba idan za a gina gida a fara fitar da ɗakunan kwana da turaka da zaure, sa'an nan duk lungun da ya rage a ce a yi makewayi a wurin. Makewayi ko ban ɗaki shi ne kewayen da ake shiga don biyan bukata, masai ko salga kuma shi ne ramin da ƙazanta ke taruwa a cikinsa. Ko da yake wannan wuri ya fi kowane ɗaki ƙanƙanta, babu inda kuskuren tsari ke jawo wa iyali ciwo kamarsa, saboda haka shi ya kamata a fara aunawa kafin a haƙa harsashi.

Akwai makewayi iri guda da ya dace magidanta su ƙara kula da shi, wato ƙaramin da ake yi kusa da zaure ko shagon samari domin baƙi maza, waɗanda al'ada ba ta yarda su ratsa tsakar gida ba. Gidan da ba shi da irinsa, baƙonsa da almajirinsa bayan katanga suke nufa, shi ya sa lunguna da yawa ba su shiguwa da damina. A gidajen bene na zamani akan sama masa wuri a ƙarƙashin matakala, amma ko a ina aka sa shi ƙa'idarsa ɗaya ce.

Abu na farko shi ne tazara tsakanin masai da rijiya. Ruwan da ke tsiyaya daga rami yana bin ƙarƙashin ƙasa ɗauke da ƙwayoyin cutar kwalara da taifot da atuni, kuma ƙasa ba ta tace shi sai ya yi tafiya mai ɗan nisa, don haka ma'aikatan lafiya ke shawartar a bar mita 30, a kuma haƙa masai a gangare, rijiya tana tudu. Ana so gindin ramin ya tsaya kamar mita 2 sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa. Wannan awo da damina ake yinsa, ba da rani ba, domin wannan yanki ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, kuma a ƙauyukan fadama da na kusa da madatsar ruwan Tiga, wadda aka kammala a 1974, rijiyar da guga ke wahalar kai wa ruwanta a watan Afrilu takan ciko sosai cikin Agusta. A wajen Riruwai kuwa dutse ne ke tare mai haƙa, sai a ɗaga ginin sama da bulo a cike gefensa da ƙasa. Rijiyar maƙwabci ma tana cikin lissafi, tunda katanga ba ta tare abin da ke gudana a ƙarƙashinta. A shekarar 2021 an ƙidaya fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Kano na cikin jihohin da annobar ta fi tsananta.

Bakin ramin yana bukatar a ɗaure shi da bulo ko dutse, a rufe da murfin kankare mai rodi, domin azara da itacen da aka saba shimfiɗawa gara na cin su a ɓoye, kuma hakan na iya sa masai ya rufta da mutum a kai.

Wari da ƙuda, waɗanda su ne ke sa a tura makewayi can ƙarshen gida, suna da magani mai araha wanda Peter Morgan ya ƙirƙiro a cibiyar bincike ta Blair a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, cikin shekarun 1970. Ana kafa bututu mai faɗin inci 4 ko fiye daga cikin ramin ya zarce rufi da kamar rabin mita, a ɗaure ragar da ba ta tsatsa a bakinsa. Iskar da ke wucewa ta saman bututun tana zuƙo wari daga rami, sabuwar iska kuma ta shiga ta ƙofa ta gangara ta bakin masai, ta haka warin ba ya dawowa cikin ɗaki. Ƙuda kuwa haske yake bi, saboda haka idan ɗakin ya ɗan yi duhu, wanda ya ƙyanƙyashe a rami sai ya nufi hasken bakin bututu, raga ta tare shi har ya mutu. Magina da yawa suna kafa bututun su manta da ragar, wasu kuma su fasa babbar taga don ƙawa, duk biyun sun lalata dabarar ba tare da sun sani ba. Irin wannan masai ba a toshe bakinsa da murfi, saɓanin salgar gargajiya wadda rufewa ita ce kariyarta.

Mazaunin tangaran mai kora da ruwa yana burge mai sabon gida, amma kowace kora tana cin lita 6 zuwa 9, kuma a gidan da ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa ba a daɗe ba za a fara tsimi, a nan ne ɗakin da aka kashe wa kuɗi zai fi salga ƙazanta. Farantin roba mai suna SATO, wanda ke da marfi a ƙasa da ke buɗewa da nauyin ruwa ya koma ya rufe da kansa, ruwan buta guda ya ishe shi. Amma inda akwai tsoho ko mai ciwon gwiwa, mazaunin zama da ƙarfen dafawa a bango sun fi tsuguno sauƙi.

Sai bayan waɗannan ake maganar ado. Faɗin mita 1 da tsawon mita 1 da rabi sun isa, muddin ƙofa waje take buɗewa, wanda kuma ke ba da damar kai ɗauki idan wani ya faɗi a ciki. Tayil mai santsi da sheƙi na bango ne, zuwa tsayin ƙirji, daɓe kuwa mai kaushi ake so, a karkata shi kaɗan zuwa magudana don kada ruwan tsarki ya kwanta. Farin fenti ko farar ƙasa na sa wuri ya yi kamar ya fi girmansa, yana kuma tona datti da wuri. Game da fuskantar alƙibla, wadda daga wannan yanki take gabas da ɗan karkata arewa, malaman Malikiyya sun yi rangwame ga wanda ke cikin gini, duk da haka magina sukan juya mazauni kudu ko arewa don samun natsuwar masu gida, kuma wannan ba ya ƙara ko kwabo idan an tuna tun farko.

A zamanin En'e duba-gari ne ke shiga gida ya leƙa randa da masai, wanda aka samu da ƙazanta a ci shi tara. A watan Nuwamba na 2019 gwamnatin tarayya ta kafa dokar shugaban ƙasa mai lamba 009 don kawar da bahaya a fili, kuma a 2022 maƙwabciyar Kano, Jigawa, ta zama jiha ta farko da aka tabbatar ta cimma haka. Masu tantancewa ba rami kaɗai suke dubawa ba, suna neman wurin wanke hannu a bakin makewayi, ko da jarka ce da aka huda aka rataye, da sabulu a gefenta, ko toka inda sabulu ya yi wuya.