Nasiha ga Matasan Giwa Tazo Kan Karatun Labarai

Mu da rediyo muka tashi. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake watsa shirye-shirye, kuma sai lokacinsa ya yi muke jin abin da duniya ke ciki. Ku kuwa labari yana aljihunku dare da rana, don haka ya kamata ku san ta inda yake iso muku.

Hanya biyu ce. Akwai manhajar da ake sakawa a kwamfuta ko waya, ta sauko da labarai ta ajiye, a karanta ko babu sabis. Akwai kuma wadda take zaune a intanet: ko wayar aro ka shiga da ita, za ka tarar da jerin jaridunka yadda ka bar su, kuma ba ta cinye maka wuri a waya. Ta farko hatsin rumbunka ce. Ta biyu awo ne a kasuwar Jega: akwai yalwa, amma sai hanya ta yi kyau, mai shago kuma ya buɗe.

Mai shago kuwa yakan rufe. Ranar 1 ga Yulin 2013 kamfanin Google ya rufe Google Reader, inda mutane da yawa ke tara labaransu. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnati ta dakatar da Twitter a Najeriya. A Satumbar 2021 kuma aka katse layukan waya a maƙwabciyarmu Zamfara saboda matsalar tsaro.

Saboda haka, ɗalibin jami'ar Aliero mai kwamfuta ya riƙe manhajar da ke ajiyewa. Ɗan kasuwar albasa da ke yawan tafiya, ta intanet za ta fi masa sauƙi. Amma kowannenku, in ya sami sabis mai ƙarfi, ya sauke abin da zai buƙata gobe: hasashen damina na NiMet, sanarwar JAMB, bayanin taki da iri.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda yake zaɓar muku abin karantawa. Facebook da TikTok suna turo abin da zai riƙe idonku, ko gaskiya ne ko ƙarya. Manhajar tara labarai kuwa, ta tsarin da ake kira RSS, kai ne kake jera mata majiyoyi: Aminiya, BBC Hausa, DW, RFI. Ku zaɓi kaɗan masu suna da adireshi, waɗanda in sun yi kuskure za a iya tuhumarsu.

Labarin hari ko na rikici, kada ku tura wa kowa sai kun gan shi a majiya biyu. Jita-jita guda tana iya watsa kasuwa, ta hana manomi zuwa gona. Allah Ya tsare ku, Ya sa ku zama masu faɗin gaskiya.