Katanga ta yi tsawo, wa zai fara sallama?

Anti, ni haifaffiyar Gwale ce, a can na yi aure na haifi yara uku. Bara maigidana ya gama gininsa a Ɗanbare muka tare. Gida dai masha Allah, ga tayil ga rijiyar burtsatse, amma kaɗaici ya ishe ni. Kowa ya ja get ya rufe. Wani dare zazzaɓi ya rufe ƙaramin ɗana, maigida ya yi tafiya, na rasa ƙofar da zan buga. Na ce masa mu koma cikin gari ko haya ce, ya ce na cika butulci. Ina mafita?

Maman yara, Kano

'Yata, Allah ya ba yaro lafiya. Daren nan da kika faɗa ya taɓa ni, domin duk uwar da ta taɓa rungume yaro jikinsa zau, tana sauraren kukan karnuka a waje, ta san abin da kika ji. Ba butulci ba ne. Kin taso inda ake miƙo gishiri ta kan katanga, inda in kika yi atishawa a ɗaki wata tsohuwa za ta aiko a ji ko lafiya. Dole ki yi kewa.

Amma zan ɗan ja miki kunne. Shekara guda kina unguwar nan, gida nawa kika shiga? Kina jiran a zo miki, ita ma ta bayan katangarki tana jiran ki. A cikin birni gadon maƙwabtaka kika yi, kakanninku ne suka ƙulla ta tun kafin a haife ki. Ɗanbare da Rijiyar Zaki da sauran unguwannin da suka bazu a kan titin Gwarzo, bayan an wuce Kabuga, yawanci baƙi ne suka sayi filaye suka gina: malamin Jami'ar Bayero, ɗan kasuwar Kwari, ma'aikacin da aka dawo da shi daga Kaduna. Tsoron ɓarayi ya sa suka ɗaga katanga, ba ƙin mutane ba.

Zumunta a ƙafa take. Nemi izinin maigida. Dama kunu mai kyau, ki zuba a fulas, ki riƙe hannun ɗanki ki buga get ɗin dama da na hagu. Kada ki daɗe, kada ki yi tambayar ƙwaƙwa. Ki gaishe su, ki faɗi sunanki, ki karɓi lambar waya. Wata za ta amsa miki a tsaye da fuska ba yabo ba fallasa. Kada ki yi zuciya, ki koma ranar da aka yi mata haihuwa ko rasuwa. Sa yaranki a Islamiyyar unguwa, ke ma ki shiga ajin matan aure, a nan ake sanin wa ke da mota, wa ke aikin jinya. Kuma tun da kina da burtsatse, fito da famfo ɗaya waje. Za ki sha mamakin yadda layin zai san gidanki.

Batun komawa haya kuwa, ki bar shi. Mutumin da ya tara bulo ɗaya-ɗaya har ya rufa muku asiri, in kika ce a bar gidan ji zai yi kin raina guminsa. Ki ce masa tsoro kike ji, ki roƙe shi ya riƙa tsayawa bayan sallar Magariba a masallacin layi ya san maza, ya shiga taron kuɗin 'yan sintiri da gyaran taransifoma.

Ku kuma masu karatu da kuka riga wasu zama a irin waɗannan unguwanni, da ku nake. Kun san Mala'ika Jibrilu ya yi ta yi wa Annabi (SAW) wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a sa shi cikin magada. In kun ga motar kaya ta tsaya a layinku ana sauke katifa da tukwane, ku aika da ruwan sanyi da tuwon dare, domin ranar tarewa ba a samun sukunin ɗora tukunya. Washegari ku shiga da kanku ku yi musu barka da zuwa, ku nuna musu ƙofar da za su buga in dare ya yi musu tsawo.