Amsoshin Tambayoyinku: Ƙarfe Mai Sheƙi Zai Kama Karfasa?

Wani mai sauraronmu daga Batsari ya aiko da tambaya: shin ɗan ƙarfen nan mai kama da cokali da Turawa ke ɗaura wa fatsa zai kama karfasa a ruwayenmu?

To Malam, mun gode. Ƙarfen ba abinci ba ne, yaudara ce. In ana janye shi a ruwa yakan riƙa juyi yana walƙiya, sai kifi mai farauta ya zaci ɗan kifi ne ya kai masa cafka. Ita kuwa karfasa gansakuka da ƙananan ƙwari ta fi ci, don haka tana ko gara a ƙaramar ƙugiya sun fi yi maka aiki.

In za ka gwada, ga madatsar Zobe da aka kammala a 1983 kan kogin Karaduwa, a Dutsin-Ma. Bari sai bayan kaka, ruwa ya kwanta, don da damina laka kan ɓoye sheƙin. Siririn zare ba ya tsorata kifi, amma in kifi ya kama, kada ka fizga. Bar shi ya gaji tukuna. Kuma ka fara neman izinin Sarkin Ruwa.