Sun Ce In Tafi Tailan da Bizar Yawon Buɗe Ido

 

Ni matashi ne ɗan shekara 27. Turanci na karanta a jami'a, na gama bautar ƙasa bara, yanzu ina koyarwa a wata makarantar kuɗi kan albashin da ba ya kai ni tsakiyar wata. Kwanakin baya wani abokin karatuna ya haɗa ni da wani ejan ta WhatsApp, wanda ya ce yana samar wa malaman Turanci aiki a Tailan. Sau ɗaya muka yi magana, ko minti goma ba a yi ba, washegari sai ga takardar ɗaukar aiki mai tambarin makaranta: dala 1,800 a wata, ga ɗaki kyauta. Sharaɗinsa in biya naira miliyan biyu kuɗin haɗa takardu, in shiga da bizar yawon buɗe ido, wai in na isa za a mayar da ita ta aiki. Ya ce direba zai tarbe ni a filin jirgin Bankok ya wuce da ni garin da makarantar take. Na nemi magana da shugaban makarantar, ya ce ba ya jin Turanci. Na nemi lambar wani malami da ke aiki a can, ya ce in ba na so in faɗa masa, akwai mutum biyar a layi.

Babana ya ce zai sayar da filinsa ya ba ni kuɗin. Innata kuwa hankalinta ya ƙi kwanciya. Ni ban taɓa fita ƙasar waje ba. Malam, yaya ake gane makarantar gaskiya daga nesa?

Naka,
A. M., Gusau

Ɗana,

Kafin komai, ka je ka roƙi Baba ya bar filinsa inda yake. Sauran maganar za ta iya jira, wannan ba za ta jira ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali a wasiƙarka shi ne direban nan. A yammacin Tailan akwai wani gari Mae Sot, ƙaramin kogi ne kawai tsakaninsa da Myawaddy ta ƙasar Myanmar. A tsallaken kogin akwai gine-gine masu katanga da masu gadi, inda ake tsare mutane ana tilasta musu damfarar jama'a ta intanet dare da rana. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto a watan Agustan 2023, ya ce aƙalla mutum 120,000 ke cikin wannan hali a Myanmar, wasu kimanin 100,000 a Kambodiya. A farkon 2025 an fito da dubbai daga yankin Myawaddy, cikinsu har da 'yan Afirka. Da yawansu labarinsu iri ɗaya ne da naka har zuwa filin jirgi: aiki mai gwaɓi a Tailan, ganawa ta jeka-na-yi-ka, bizar yawon buɗe ido, mota na jira. Kuma mai jin Turanci suke nema musamman, don da Turancin ake yaudarar waɗanda za a damfara. Ban ce lallai nan ejan ɗinka zai kai ka ba. Mai yiwuwa ƙaramin ɗan damfara ne da zai karɓe miliyan biyun ya kashe waya. To amma in zaɓin da ke gabanka bai wuce asarar fili ko asarar kai ba, ai ba aiki aka yi maka tayi ba.

Yanzu ga tambayarka. A wurina babban ma'aunin makaranta shi ne irin wahalar da ta yarda ta sha a kan takardunka tun kafin ka taka ƙasarsu. Baƙon da zai koyar a Tailan yana buƙatar bizar da suke kira Non-Immigrant B, da takardar izinin aiki daga ma'aikatar ƙwadago, sannan a makarantun firamare da sakandare da lasisin koyarwa ko izinin wucin gadi daga majalisar malamai ta ƙasar. Ba ɗaya daga ciki da kai kaɗai za ka iya nema. Sai makaranta ta fito da takardun rajistarta, ta rubuta wasiƙa da sunanka, shugabanta ya sa hannu. Wato sai ta bayyana kanta ga hukuma kafin ta same ka, abin da makarantar bogi ba za ta iya ba ke nan. Gaskiya ne akwai waɗanda ake canza musu biza bayan sun shiga, amma doka ba ta yarda ka tsaya gaban allo ba sai izinin aiki ya fito, kuma ranar da jami'an shige da fice suka zo, kai za a kama. Mu nan ba baƙin wannan labari ba ne. Kowa ya san wanda ya tafi da bizar umara ya maƙale yana aiki a ɓoye, uban gida ya cinye masa haƙƙi, ba halin kai ƙara don shi ma a kan laifi yake. Wanda ya sa ka karya doka tun ranar farko ya riga ya riƙe maka wuya.

Ga wata tambaya da za ka gwada ejan ɗin da ita. Tailan na cikin ƙasashen da ɗan Najeriya ke buƙatar takardar wankewa daga hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA kafin neman bizarsu, kuma suna da ofishin jakadanci a Abuja. Shaidar digirinka ma sai an tantance ta a ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje. Ka tambaye shi a cikin miliyan biyun nawa ne na wace takarda, kuma wa zai ba da rasit. Za ka ga inda zance zai karkace. A al'adar wannan sana'a, makarantar da ke neman malami ita ke biyan dillali ladansa. A nan gida kuma ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ce ke ba kamfanonin samar da aiki lasisi, sai ya nuna maka nasa.

Wai shugaban makaranta ba ya jin Turanci, wannan ya ba ni dariya. Ko da hakan ne, makarantar da ke ɗaukar malaman Turanci ba ta rasa shugaban sashe da zai so ya ga fuskarka ta bidiyo, ya ji lafazinka, ya ce ka gwada koyar da darasi na 'yan mintuna. Wa ya taɓa damƙa 'ya'yan mutane ga wanda bai ji bakinsa ba? Su ma ba sa cinikin biri a sama. Ka nemo lambar makarantar da kanka, ba wadda ke jikin takardar da aka turo maka ba, ka kira ka tambaya ko sun san da zuwanka. Tambari kowa na iya kwafa. Sannan ka nemi magana da malami biyu, wanda ke ciki da wanda ya bar wurin, kuma na biyun ya fi amfani don ba ya tsoron kowa. Ka tambaye shi ranar da albashi ke shiga, ko ana biyan watannin hutu, da wanda ke riƙe fasfon malamai. In ba a aljihun mai shi fasfo yake kwana ba, ka rufe zancen.

Dole in faɗa maka wata gaskiya mai ɗaci. Kasuwar nan fasfo take kallo kafin ilimi. Koriya ta Kudu, alal misali, bizarta ta malaman Turanci ta ginu ne kan 'yan ƙasashe bakwai: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ailan, Ostareliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. A Tailan ana ɗaukar 'yan Afirka da 'yan Filifin, amma galibi ana neman sakamakon jarrabawar Turanci irin TOEIC, albashinsu kuma kan gaza na Turawa. Abin haushi ne, sai dai saninsa zai tsare ka. Sabon malami mai koren fasfo, ba takardar horo, a ce dala 1,800 da ɗaki? Ruwa ba ya tsami banza.

Ko makarantar gaskiya ma tana iya durƙushewa. A 2007 kamfanin Nova, wanda a lokacin ya fi kowa rassan koyar da Turanci a Japan, ya karye, ya bar dubban malamai baƙi ba albashi. Don haka duk ranar da Allah ya nufe ka da tafiya, ka tafi da kuɗin tikitin dawowa da na cefanen wata biyu waɗanda ba ka taɓawa.

Ba cewa nake ka haƙura da burin ba. In akwai abin da ya cancanci a kashe wa kuɗi, takardar horo ce da duniya ta sani, kamar CELTA ta Kambirij, mai darasi kimanin awa 120 da koyarwa ta zahiri awa 6 a gaban mai dubawa. Ka yi rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN, ka ci gaba da tara shekarun aji a inda kake, ko da albashin ba daɗi, don su za a tambaye ka. Ka kuma sa kunne kan shirin Technical Aid Corps da gwamnatin tarayya ta kafa a 1987, mai tura malamai da sauran ƙwararru ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik na shekara biyu. Ƙwarewa suke nema, shi ya sa na ce ka riƙe ajinka.

Shi kuwa abokin karatun naka, ka tambaye shi ko shi ya je, ko ya san wani da ya je ya dawo. Kada ka share saƙonnin ejan ɗin. Ka kai su ofishin hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP mafi kusa da kai, don mutum biyar ɗin da ya ce suna layi wataƙila da gaske suna nan. Ka gaida min Inna.